Jini ya dawo cikin mako uku, me ya sa garkuwar jiki sai ta shekara?

Maman Walid:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman wanda zai warware mini wani abu, don kwana uku ke nan yana cin raina. Da yawanku kun san Walid na da sikila, bana shekararsa tara. A shekarar nan kaɗai sau huɗu muna kwanciya asibiti, na ƙarshe da hunturun nan, sai da aka ƙara masa jini leda biyu. An gwada yayarsa an ce nasu ya zo ɗaya, za ta iya ba shi ɓargo. Likitan da muka gani ya ce in an yi dashen, cikin mako biyu zuwa huɗu sabon jini zai fara fitowa, amma garkuwar jikinsa sai ta kai shekara ɗaya ko biyu kafin ta tsaya da ƙafarta, har allurar rigakafin da aka yi masa yana jariri sai an sake ta daga farko. To ni a sanina garkuwar a cikin jinin take. In jini ya dawo, me zai riƙe ta a baya? Na so in tambaye shi, amma mutane sun cika bakin ƙofa suna jira, sai na ji nauyi.

Hajiya Kulu:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba Walid lafiya, ya ba ku ladan haƙuri. Sadiya ce za ta amsa wannan, karatun da ya kai ta Turai ke nan. Sadiya, in kin samu sarari ki leƙo.

Sadiya:
Anti, sannu da ɗawainiya, Allah ya ba shi lafiya mai ɗorewa. Tambayar nan taki ita nake kwana nake tashi da ita shekara uku ke nan, sai dai ni a jikin ɓeraye nake ganin abin.

Abin da ake dasawa ba jini ba ne, uwar jini ce. A cikin ɓargo akwai wasu ƙwayoyi 'yan kaɗan, su ke haifar duk abin da ke yawo a jijiya: jajaye masu ɗaukar iska, masu tsayar da jini in an yanke, da farare waɗanda su ne garkuwa. Fararen kuma ba dangi ɗaya ba ne, kowanne da lokacin nunarsa. Rana ɗaya ake shuka gero da dawa a gona ɗaya, amma an daɗe da cin tumu kafin dawa ta fitar da kai. Haka abin yake, sai dai nan iri ɗaya ne ke fitar da duka.

Ga yadda muke yi. Ɓerayen baƙaƙe ne, dangin da ake kira C57BL/6, nauyin ɗaya wajen giram 25. Muna haska musu radiyeshon, wato haske mai ratsa jiki, mai ƙarfin da zai kashe ɓargonsu gaba ɗaya. Wanda aka bari haka da wuya ya wuce mako biyu. Sai mu ɗauko ƙashin cinya da na ƙwauri na wani ɓera, mu yanke bakinsa biyu, mu tura ruwa da sirinji, ɓargon ya fito kamar jan zare. A tace, a ƙirga, sannan a ɗumama ɓeran da za a ba ƙarƙashin fitila har jijiyar wutsiyarsa ta taso, a yi allurar nan. Ba a fasa ƙashi, ba a yi tiyata. Ƙwayoyin da kansu suke bin jini su nemi ƙashi su zauna. Na mutum ma haka ne, ta leda ake sa shi kamar ƙarin jini.

Mai bayarwa da mai karɓa kusan komai nasu ɗaya ne, sai wata alama guda a jikin fararen ƙwayoyinsu, ɗaya CD45.1, ɗaya CD45.2. Da ita muke gane na wane ne. Duk mako huɗu muna ɗibar ɗigon jini mu sa a na'ura. A mako na huɗu, masu haɗiye ƙwayoyin cuta, wato niyutrofil da monosait, kusan duk na mai bayarwa ne. Ƙwayoyin B, masu haɗa sinadarin kariya, suna biye da su. Amma ƙwayoyin T, waɗanda su ke jan ragamar yaƙin, a lokacin 'yan kaɗan ne, da yawansu ma tsofaffi ne da suka tsira daga hasken. Sai mako na takwas zuwa sha biyu ake ganin sababbi sun yi rinjaye. Kuma ba ma cewa dashe ya kama sai an cika mako 16. Ki auna wannan da dabbar da duk rayuwarta shekara biyu ce zuwa uku.

Maman Walid:
Na fara ganewa. To su T ɗin me ke makarar da su?

Kabir Ɗan Marusa:
Ku yi haƙuri in sa baki kafin a ci gaba. Malama Sadiya, ba raina aikinki nake ba, amma uwa ta zo da maganar ɗanta ana ba ta labarin ɓera. Ɓeran da ke zaune ɗaki mai sanyi, ruwansa tatacce, ko sauro bai taɓa cizonsa ba. Yaron nan Katsina zai dawo, ga maleriya, ga ƙurar hunturu, ga kwata a ƙofar gida. Ni ban ga yadda abin da aka gani a keji zai zama hujja a kan ɗan Adam ba. Tsorona kar a ba ta ƙwarin gwiwar da ba ta da tushe.

Baba Malam:
Kabiru, tsaya ka ji. Na fi shekara talatin ina koyar da ilimin halittu a nan Daura kafin in ajiye alli, kuma in gaya maka dashen ɓargo gaba ɗayansa daga jikin ɓera ya fito. Bayan bam ɗin Hiroshima da Nagasaki a 1945 aka ga mutanen da wuta ba ta taɓa ba suna mutuwa bayan makonni, jininsu ya ƙare. Aka shiga neman dalili. A 1949 Leon Jacobson a Chicago ya rufe saifar ɓera da dalma ya haska sauran jikin, ɓeran ya rayu. A 1951 Egon Lorenz ya nuna allurar ɓargo ma tana ceton ɓeran. Sai gardama ta kaure: wani sinadari ne a ciki ke warkarwa, ko ƙwayoyi ne masu rai ke kafa sabon gida? A 1956 a Ingila aka raba gardamar, aka ga ƙwayoyin mai bayarwa ne da kansu suka cika jikin mai karɓa.

Wanda ya fi burge ni shi ne na James Till da Ernest McCulloch a Toronto, 1961. Sun yi wa ɓeraye allurar ɓargo, bayan wajen kwana goma suka ga ƙananan ƙullutu sun fito a kan saifa, yawansu gwargwadon yawan ɓargon da aka sa. Daga baya suka nuna kowane ƙullutu daga ƙwaya ɗaya tal ya tsiro. Uwar jinin da Sadiya ke faɗi ke nan, da ido aka ƙirga ta. Shi Donnall Thomas da ya kai abin ga mutane a 1957 marasa lafiyarsa na farko ba su rayu ba, sai da ya koma kan karnuka shekaru, kafin a ƙarshe ya karɓi kyautar Nobel a 1990.

Sadiya:
Allah ya ƙara girma Baba, kun faɗe shi fiye da yadda zan faɗa. Zan ƙara ɗaya: a 1996 a Japan an dasa wa ɓera irin wannan ƙwaya guda ɗaya, aka ga zuri'arta a jininsa tsawon watanni.

Amma Yaya Kabir, maganarka akwai gaskiya a ciki, kuma mu da ke aikin mun fi kowa saninta. Kafin in shiga ɗakin ɓerayenmu sai na canza riga da takalmi, na rufe kai da baki. Abincinsu da shimfiɗarsu duk an kashe ƙwayoyin cutar da ke ciki. A 2016 masu bincike a Jami'ar Minnesota suka kwatanta irin waɗannan da ɓerayen kanti da na daji, suka ga garkuwar na lab, wato na ɗakin bincike, ta fi kama da ta jariri sabon haihuwa, ta na waje ce ke kama da ta baligi. Da suka haɗa su keji ɗaya wasu na lab suka mutu, waɗanda suka rayu garkuwarsu ta canza. Ga wani bambancin kuma: a jinin mutum niyutrofil ne suka fi yawa cikin farare, kashi 50 zuwa 70 cikin 100, a jinin ɓera kuwa dangin T da B ne suka fi.

Don haka ba zan taɓa ce wa Anti ranar kaza Walid zai warke don na gani a ɓera ba. Abin da ɓera ke koya mana shi ne jerin abin, wa ke fara zuwa, wa ke ƙarshe, kuma me ya sa. Jerin nan kuwa an duba a mutane an ga haka yake.

Kabir Ɗan Marusa:
In haka ne na yarda da rabi. Ragowar rabin sai likita ya yi magana.

Sadiya:
To Anti, ga dalilin makarar. Sauran ƙwayoyin a ɓargo suke girma su fito aiki. T kuwa in sun fito daga ɓargo ɗanye suke, sai sun tafi makaranta. Makarantar wata 'yar tsoka ce fara mai ɓari biyu a ƙirji, saman zuciya, bayan ƙashin ƙirji, ana kiranta taimos. Daga sunanta ma aka samo harafin T ɗin. A ɗan ɓera mai wata ɗaya da an buɗe ƙirji ita ake fara gani, ta kusa rufe zuciyar. A tsohon ɓera sai an nema.

Iro Mahauci:
Malama, wanga abu da kike faɗi na san shi. In muka yanka ɗan maraƙi ko ɗan rago ƙarami, akwai wani nama fari-fari mai laushi daga wuya ya gangara ƙirji, ba kitse ba ne, ba kuma huhu ba. Amma tsohon sa ko ka duba ba ka ganin shi, sai ɗan kitse a wurin. Na daɗe ina tambayar kaina ina yake zuwa. Kuma ɓargon ƙaramar dabba ja ne, na babba a ƙashin ƙafa ya koma fari ko rawaya, shi mutane ke so a romo.

Sadiya:
Shi ne, Malam Iro! Wallahi shi ne. Kuma abu biyun da ka lura da su duk suna cikin maganar nan. Jan ɓargo shi ke yin jini, a babba ya fi yawa a ƙashin ƙugu da ƙirji, shi ya sa daga bayan ƙugu za a ɗebi na yayar Walid, kuma cikin 'yan makonni nata zai cike gurbin.

Ita taimos har zuwa 1961 ba a san amfaninta ba. Jacques Miller ne a Landan ya cire ta daga jariran ɓeraye, sai suka taso a rame, cuta kaɗan ta kayar da su, kuma in an dasa musu fatar wani ɓera jikinsu ba ya ƙin ta. Nan aka gane aikinta.

Ku ɗauke ta kamar tsangaya. Ɗalibi ya shiga, jarrabawa biyu ke gabansa. Ta farko, ya iya karanta alamar da ƙwayoyin jikin nan ke ɗagawa in cuta ta shige su. Wanda bai iya ba, ba shi da amfani, a nan yake mutuwa. Ta biyu, kar ya zama mai zafin kan da zai ɗauki naman jikin kansa abokin gaba. Shi ma kashe shi ake yi. Sama da 90 cikin 100 ba sa fitowa da rai. A ɓera karatun kan ɗauki mako uku zuwa huɗu, kuma kafin a fara sai ɗaliban sun iso daga sabon ɓargo. Ga shi hasken ko maganin da aka ba da don share tsohon ɓargo ita ma makarantar ya taɓa ta, sai ta gyaru kafin ta ɗauki ɗalibai da yawa. A hankali ake yaye su, kaɗan-kaɗan, har su cika jiki.

Nan ne shekarun Walid suke gefensa. Taimos ɗin yaro mai shekara tara tana da ƙarfinta. Ta mai shekara hamsin ta koma kitse kamar ta tsohon san Malam Iro. Mu ma muna gani, in aka ba tsohon ɓera da matashin ɓera ɓargo iri ɗaya rana ɗaya, matashin ne T ɗinsa ke fara dawowa, kuma sun fi yawan iri.

Sannan waɗanda aka yaye sababbi ne fil. Ba su taɓa ganin ƙyanda ba, ba su san shan inna ba. Tsofaffin da rigakafin jarirai ya koya wa sun tafi da tsohon ɓargo. Dalilin sake allurar ke nan.

Maman Walid:
Allah ya saka da alheri, yau na samu abin da nake nema. Amma ita yayar tasa an yi mata rigakafi duka, katinta na nan a akwatina. In ɓargonta ya shiga jikinsa, ba zai tafi da abin da ya sani ba?

Dakta Bishir:
Assalamu alaikum, yanzu na sauka daga aiki na karanta daga sama. Hajiya, tambayarki ta taɓo wurin da ya fi ba mu tsoro. E, wasu manyan ƙwayoyin T na yayar za su bi ɓargon su shiga, kuma sukan ɗan ba da kariya a farko, amma ba abin dogaro ba ne, tana raguwa. Matsalar ita ce waɗannan a jikin yayar suka yi karatu, ba a jikin Walid ba. Suna iya ganin fatarsa da hanjinsa da hantarsa su ɗauka baƙo ne su kai hari. Alamarsa ƙuraje a tafin hannu da ƙafa, gudawa mai yawa, idanu su yi rawaya. Shi ya sa ake neman wanda alamomin HLA ɗinsa, wato alamomin da garkuwa ke bambance nata da baƙo da su, suka zo ɗaya da na mara lafiyan, wanda tsakanin 'yan uwa ciki ɗaya damar ɗaya ce cikin huɗu. Kun yi sa'a babba. Duk da haka sai an ba shi maganin danne garkuwa na watanni, wannan ma na ƙara jinkirta abin da Sadiya ta bayyana.

Kabiru, ga ragowar rabinka. Wannan ciwon na harin ƙwayoyin mai bayarwa a ɓera aka fara ganinsa, Barnes da Loutit a Ingila cikin shekarun 1950, ɓeraye su tsira daga haske sannan su rame su mutu da gudawa. Kuma dabarar da ta sa yau ake iya karɓar ɓargon uwa ko uba da ya dace rabi kawai, wato ba da maganin saiklofosfamaid a rana ta uku da ta huɗu bayan dashe, a ɓeraye aka gwada ta kafin likitocin Johns Hopkins su kai ta ga mutane. Amma maganarka ta maleriya da ƙura tana nan daram. Wannan ba keji zai amsa ta ba, mu ne a nan za mu amsa ta da gidan sauro da magani da tsafta da bibiya.

Game da allurar rigakafi, marasa rai, wato waɗanda babu ƙwayar cuta mai rai a cikinsu, ake farawa da su, yawanci daga wajen wata shida zuwa shekara bayan dashe. Masu rai irin ta ƙyanda sai an cika shekara biyu, kuma sai in an daina maganin danne garkuwa.

Malam Mu'azu:
Ina bin maganar da natsuwa, kuma ina yi wa yaro addu'a. Amma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Haska wa dabba abin da zai ƙone ɓargonta, a zauna ana kallo. An san ɓera na cikin abin da aka halatta kashewa, amma kashewa daban, azabtarwa daban. Hadisin matar da ta tsare kyanwa har ta mutu kowa ya san shi. Malama Sadiya, ya kuke yi da wannan?

Sadiya:
Malam, na gode da ka tambaya, don abin na damuna. Ba a taɓa ɓera sai kwamiti ya duba takarda ya amince da adadin da dalilin, kuma in akwai hanyar da za a samu amsar ba da dabba ba, ba za a ba ka izini ba. Bayan dashe kullum sai mun auna su. Wanda ya rasa kashi 20 cikin 100 na nauyinsa, ko ya takure gashinsa ya tashi, ba a jira ya mutu da kansa, ana sa shi barci a ƙare masa wahalar.

A shekarata ta farko hannuna bai faɗa ba. Jijiyar wutsiya siririya ce kamar gashi. Akwai keji ɗaya mai ɓeraye biyar da biyu cikinsu allurar ta kauce ta shiga ƙarƙashin fata, wurin ya kumbura ya yi fari, na ce wa kaina ai wasu sun shiga. Kwana goma sha ɗaya na zo da safe na tarar da su biyun a lungu, kunnuwa da tafin ƙafa sun yi fari fat, ba jini. Sauran ukun suna cin abinci. Ni na jawo musu, don da na faɗa a ranar da an sake musu. Na je na gaya wa shugabata, na yi wata guda ina koyon allurar kafin in sake taɓa mai rai. Har yau in na kama wutsiya sai na yi bismillah, kuma in na yi shakka faɗa nake yi nan take. Ban ce wannan ya wanke komai ba Malam. Ina dai ganin yara irin Walid a ɗaya gefen.

Malam Mu'azu:
Allah ya sa niyya ta yi jagora. Na gamsu da cewa ba wasa ake yi da rai ba.

Hajiya Kulu:
Ni shekara ashirin ina jinya a ɗakin yara, bari in faɗi tawa. Tun 2011 aka yi dashen farko a ƙasar nan, a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, kuma mai sikila aka yi wa. Amma mutum nawa suka samu tun daga lokacin? Kuɗin sai an sayar da gida da gona. Alhali kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya na ɗauke da AS. Da gwajin jini kafin aure muka riƙe da gaske, da ba mu kai ga wannan ba.

Maman Walid:
Hajiya, gaskiya kika faɗa, amma ta yi mini zafi. Lokacin da aka ɗaura mana aure ba wanda ya ce mu yi gwaji, ni ko sunansa ban sani ba sai da Walid ya kai wata takwas hannuwansa suka kumbura. Yanzu duk 'yar da za a aurar a danginmu ni ke jan ta zuwa gwaji. Amma shi ya riga ya zo, kuma da dare ni ke jin kukansa.

Hajiya Kulu:
Ki yafe mini ƙanwata, ba da ke nake ba, kuma ba nan ne wurin faɗarta ba. Allah ya huci zuciyarki.

Maman Walid:
Ba komai Hajiya, ya wuce. Dakta, kakarsa ce ta ce in tambaya, kuma ni ma ina son sani. In jinin mace ya maye nasa, ba zai canza masa halitta ko ɗabi'a ba?

Dakta Bishir:
Ki kwantar wa Hajiya Babba hankali, Walid zai ci gaba da zama Walid. Jini da garkuwa ne kawai za su zama na yayar. In rukunin jininsu ya bambanta, nasa zai koma irin nata. Amma akwai abu biyu da nake so ku sani tun yanzu. Na ɗaya, ƙwayar haihuwarsa ba ta canzawa. Ko ya warke sarai, S zai ba duk ɗan da ya haifa, don haka in ya tashi aure sai mai AA. Na biyu, maganin share ɓargo, musamman busulfan, yana iya taɓa haihuwar kanta. Ku tambayi likitan wane za a ba shi da me za a iya yi a kai. A gefen alheri kuwa, yara masu sikila da suka samu ɓargon ɗan uwa da ya dace, sama da 90 cikin 100 suna rabuwa da ciwon. Ragowar ba ƙaramin abu ba ne, akwai wanda jikinsa ke ƙin dashen, akwai wanda ake rasawa. Ku shiga da ido buɗe.

Sadiya:
A ɓera ma muna ganin ba komai ke canzawa ba. Akwai ƙwayoyin garkuwa a ƙwaƙwalwa da wasu a fata da tun yana ciki suka zauna, suna sabunta kansu a wurin, bayan dashe yawancinsu na mai jikin ne. Kuma Anti, kar ki firgita in an ce miki wani kaso na tsohon ɓargonsa ya dawo. Tun 1997 akwai ɓerayen da aka sa wa sikilar mutum, kuma a jikinsu da a mutane an ga ba sai ɓargon ya zama na mai bayarwa duka ba. Jar ƙwaya mai lafiya kwana 120 take yi, mai sikila kwana 10 zuwa 20. Ko kashi 20 zuwa 25 na ɓargon ne na yayar, jajayenta ne za su cika jijiya.

Kabir Ɗan Marusa:
Maman Walid, ki rubuta tambayoyin nan a takarda kafin ki koma, kar layi ya sake sa ki jin nauyi. In kina son mai raka ki, matata na gida ranar.

Maman Walid:
Na rubuta, Alhamis za mu koma, kuma ina so ta raka ni. Saura ɗaya. Walid na da tantabaru takwas a bayan ɗaki, tunda ba ya iya ƙwallo su ne abokan wasansa, kowace da sunanta. Da asuba shi ke watsa musu gero.

Dakta Bishir:
Wannan sai haƙuri Hajiya. Kashin tantabara na ɗauke da wani naman gwari da kan shiga huhu ya haura ƙwaƙwalwa in ƙwayoyin T ba su da ƙarfi. Kafin ya dawo gida a kwashe su, a wanke wurin ba yana nan ba. Haka kaji, da ƙurar gini, da rumbun da ya yi fumfuna. Sai likitansa ya ga adadin T ya hau ya ba da izini.

Maman Walid:
To. Zan kai su gidan ƙanena a Ƙofar Ƙaura, yana da fili a soro. Sai ya riƙa ɗauko masa bidiyonsu a waya. Bari ya tashi daga barci in fara gaya masa da kaina.